Ruwan Wankan Kifi

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgi ko sallamarmu bai amsa ba. Hannu kawai ya miƙo, ya karɓe fasfo ɗina da na Kawu Bube ya zura aljihun jallabiya, sannan ya nuna mana bayan wata a-kori-kura da haɓarsa. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Bari, Lawali. Baƙi muke." Na haɗiye, amma wallahi tun daga ranar na tsani wurin nan, kuma har yau ban huce ba.

Kawu Bube yayan mahaifiyata ne, Bafulatanin Gurbin Bore. Ita aka aurar da ita Badarawa gidan manoma, shi ya zauna da shanun gado, har ɓarayin daji suka kore garken kaf, ko maraƙi ba su bar masa ba. Mutumin da bai taɓa kwana ba tare da jin kukan saniya ba ya koma zaman gindin bishiya. Sai ga wani ejan a Kaura Namoda, mai zaƙin baki da carbi a hannu, ya rantse mana cewa gonar shanun madara ce ke neman makiyaya a ƙasar Larabawa. Kawu zai yi aikin da ya iya, ni kuma da ɗan Turancina na Poli da ban ƙarasa ba zan riƙa yi masa tafinta. Burin Kawu ɗaya ne: ya dawo ya shiga karar Shinkafi ya zaɓi karsana da idonsa, ya sake kafa garke. Allah ya isa tsakaninmu da ejan ɗin nan.

Zangon farko wani gida ne a bayan birni, ɗaki ɗaya cike da maza kala-kala, kowa da yarensa, kowa na harare da kowa. Ba a fita, ba a leƙa taga. Da rana a turo tiren shinkafa mai ruwan tumatir, a yi masa rubdugu. Kawu ba ya iya wawaso, kunyar Fulani ba ta barinsa, sai ya ja gefe ya ce ya ƙoshi. Ni ke kutsawa in damtso masa a murfin kwano. Duk wanda na tambaya ina gonar shanu, sai ya dube ni ya yi dariya. Wani ma ya kwaikwayi kukan saniya a fuskata, saura kaɗan in fasa masa baki.

Daga nan aka sake loda mu a mota, aka yi ta tafiya cikin rairayi da baƙaƙen duwatsu. Kawu ya leƙa da hancinsa ta tsakanin ƙarafa yana shaƙar iska. Can ya juyo ya ce, "Lawali, ni hwa ban ji warin shanu ba." Abin da ke shigo mana ƙarni ne, irin na layin masu kifi a kasuwa, amma ya ninka shi. Da motar ta tsaya muka diro, sai ga ruwa shuɗi ya tare gabanmu har inda ido ya ƙare. Bahar Maliya ke nan da muke ji a wa'azi. Kawu ya taka a hankali har bakin ruwan, ya tsuguna, ya yi bisimilla ya ɗebo da hannu ya kai baki. Ya furzar, ya yi ta kaki. Ya ce, "Wanga ba ruwa ba ne. Ina shanun da anka ce?"

Babu shanu. Gonar kifi ce. Can cikin teku aka kafa manyan kejina na raga, zagaye-zagaye, kowanne maƙil da kifi, da wani faffaɗan jirgin ƙarfe da ake aiki a kansa. A bakin gaɓa kuma kwantenoni ne jere, su ne ɗakunanmu, in rana ta take kamar an hura wuta a ƙarƙashinsu. Shugaban leburori wani gajeren mutum ne mai tumbi, ba Balarabe ba ne, shi ma ci-rani ya kawo shi kamar mu, amma ya fi masu ƙasar mugunta. Bai taɓa kiran sunan kowa ba, usur yake busa maka ya nuna da yatsa. Muka sa masa Mai Usur. Na je na gaya masa da Turanci cewa kuskure aka yi, mu makiyayan shanu aka ce. Ya dube ni tun daga ƙafa har kai, ya busa usur ɗin a saitin kunnena, ya nuna mini tulin buhunan abincin kifi.

Aikin ban ƙi shi ba, ɗan manomi ne ni. Ɗaukar buhu, watsa abinci, tsamo matattun kifi, wankin raga. Ruwa ne ya gagare mu. Akwai injin da ke cire gishiri daga ruwan teku, amma ya tsufa, abin da yake tsiyayo mana zartsi ne, ka sha ƙishirwa ta ƙaru. Ruwan sha mai kyau ɗan gora ake miƙa wa mutum da safe, kafin azahar ya ƙare. Wanka da alwala da wanki duk da ruwan teku. Jikinmu ya yi fari, tafin hannu ya tsage, hammata da cinya suka sale. Ni yaro ne, na jure. Kawu idanunsa ne suka fara gazawa. Feshin gishiri da ƙyallin rana a kan ruwa suka sa suka kaɗa suka yi jawur, da safe sai ya ɓamɓare kwantsa da yatsa kafin su buɗu. Hankalina ya tashi ƙwarai, don makiyayi da idonsa yake ci. In idon nan ya lalace, wahalar da muke sha ta tashi a banza.

Ana haka sai kifin ma suka fara ciwo. Ka ga kifi ya daina cin abinci, yana ta goga jikinsa da raga kamar akuya mai ƙazwa, fatar ta yi miki, idon ya yi fari ya kumbura. Wanda idonsa ya mutu sai ya yi baƙi, ya ware gefe yana zagaye shi kaɗai har ya kife. Nan fa ka ga gudu! Mai Usur ya rasa sukuni, waya a kunne, aka ɗauko likitar kifi daga birni a mota mai sanyi. Kawu ya yi makonni yana tafiya yana lalube ba wanda ya ce masa sannu, amma kifi ya yi kwantsa an kawo likita.

Da yake ina jin Turanci, ni aka sa in riƙe mata kifi. Na duba jikinsa tsaf ban ga komai ba, sai santsi. Ta kankaro santsin ta ɗora a gilashi, ta sa a madubin likita ta ce in leƙa. Subhanallahi! Wata tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ganye, garau ana hango cikinta, da bakin tsotso biyu a gaba, a baya kuma wani faifai mai ƙugiyoyi da take kafewa da shi a jikin kifi. Ta ce fata da santsin kifin take ci, tana son ido ƙwarai, kuma launinta ɗaya da ruwa shi ya sa ba a ganinta. Da na kwatanta wa Kawu, ya ce, "Awo, irin wadda muka iskewa cikin hantar tumakin da sunka yi kiwon fadama." Na tambayi likitar, ta ce danginsu ɗaya na nesa, sai dai wannan a waje take zama, kuma a ruwan gishiri kawai take rayuwa. Maganinta, in ji ta, ruwan daɗi.

Washegari sai ga tanka ta shigo sansanin, cike da ruwan daɗi. Ruwan da muke mafarki. Aka ja tiyo aka cika babban tankin da ke kan jirgin ƙarfe, aka ɗaura tamfol ya zama kwarmi, aka sako ruwan a ciki. Mu kamo kifi da koma mu zuba, su yi ɗan lokaci suna haki, sai ka ga ikon Allah. Tsutsar nan da ba a gani ta yi fari fat, ta saki jikin kifin tana zubowa ƙasa kamar an watsa riɗi. A kwashe kifin a mayar keji, sannan Mai Usur ya busa, a kwance tamfol a tuntsurar da ruwan cikin teku, a sake cika sabo. Aikinmu ke nan daga safe har yamma, wankan kifi.

Karon farko da aka zubar da ruwan, Kawu ya saki komar da ke hannunsa ya dafe kai. "La'ilaha illallahu! Lawali, ruwan daɗi na hwa! Zubar da shi sukai?" A garinsu in rani ya yi tsanani mata tun asuba suke layin rijiya, guga ya fito da rabin laka a gode Allah. Ya kama hannuna ya ce, "Tahi hwaɗa mai, ba sabon muka so ba. Wanga da kihi ya gama da shi, shi bar mu mu ɗiba." Na je, na sassauta murya iyakar iyawata, na nuna masa idon Kawu. Mai Usur ya tofar da abin da yake taunawa. Ya ce ruwan na kifi ne. Irin kifin nan daga nesa aka kawo shi da wahala, irinmu kuwa kullum jirgi na saukewa. Kawu ya tambaye ni me ya ce. Na ce, "Ya ce a'a." Sauran ban iya fassara masa ba.

Kawu bai yi gardama ba, amma bai bari ba. Shi mutumin daji ne, ya sha ruwan tafki da na kududdufi da na sawun shanu, kuma yana da yadda yake gwada ruwa tun yana yaro. Ya duba da ido, ya sunsuna, sannan ya shimfiɗa bakin rawaninsa a kan buta ya tace. A wurinsa duk ruwan da ya yi garau, ba wari, ya kuma ratsa rawani, to ya halatta, don matsattsaku da 'ya'yan kwaɗo da duk wani ƙwaro a rawanin suke tsayawa. Haka ya riƙa yi da ruwan wankan kifi. Kafin a tuntsurar, ya faki idon Mai Usur ya nutsa buta. Tsutsotsin su taru fari a kan ƙyallen, ya karkaɗe su cikin teku yana cewa, "Ku koma gidan ubanku." Sai ya cika tafukansa biyu ya watsa a fuska ido buɗe, ya yi ta ƙiftawa har gishirin ya fita. Ragowar ya tara a wata jarka a bayan buhuna.

Sauran leburori suka riƙa toshe hanci suna nuna shi, wai ga mai wanka da ƙazantar kifi. Ba a jima ba na ga su ma suna tacewa da singileti. Ruwan akwai ɗan ƙarni, ban ce babu ba, amma idon Kawu ya washe, jan ya ragu, har ya fara hango jiragen kamun kifi can nesa yana nuna mini. Na ji daɗi sosai a kwanakin nan, har waƙa nake yi a bakin aiki.

Mutum ɗaya ne ya dube mu da idon rahama a wurin, direban tankar, wani dogon Basudane mai suna Idris. Ya ji muna magana wata rana sai ya tsaya cak, ya ce, "Sannu. Lafiya lau?" da wata karyayyiyar Hausa. Ashe kakansa daga ƙasar Sakkwato ya taso da ƙafa zai je hajji, ya yada zango a Sudan bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Kalmomin da Idris ya riƙe ba su da yawa, amma Kawu ya rungume shi kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Daga ranar, in ya gama juye ruwa ba ya naɗe tiyo sai ya ɗaga shi sama ya tsiyaye ragowar cikin butarmu. Wani lokaci ya haɗa da dabino a leda. Allah ya saka wa Idris da alheri duk inda yake.

Ban san ɗan baƙin cikin da ya kai tsegumi ba. Wata safiya dai Mai Usur ya wuce kai tsaye bayan buhuna, ya jawo jarkar Kawu, ya kwance murfin ya sa ƙafa ya ture ta. Muna tsaye ruwan ya malale a kan ƙarfe ya gangara teku. Kawu ya durƙusa yana tarewa da hannu, dattijo da furfurarsa. Idona ya rufe. Ban san lokacin da na ci kwalar tsinannen ba, na ɗaga shi har usur ɗin ya faɗo daga bakinsa, ina zaginsa da Hausa tun daga uwa har kaka. Mutane suka ɓamɓare ni da ƙyar. Hukuncin da ya yanke: a cire ni daga jirgin wanka a kai ni kejinan ƙarshe wankin raga, a kafa kwaɗo a famfon tanki makullin a wuyansa, Idris kuma in ya sake ba wani ɗigon ruwa a bakin aikinsa. Kawu ya rage shi kaɗai a jirgin, ba Turanci ba Larabci, ba mai gaya masa abin da ake ciki.

Sai zafi ya shigo, irin wanda bazarar Shinkafi ba ta kama ƙafarsa ba. Teku ya ɗumama, tsutsar ta haukace. A wurin wankin raga na ga dalili. Ƙwanta yana da wani siririn zare da ke sarƙewa a raga, kuma ruwan daɗi ba ya kashe ƙwan. Yau ka wanke kifi, kafin ka juya sabbi sun ƙyanƙyashe sun hau shi. Tanka ta kasa wadatarwa. Idon Kawu kuwa ya koma gidan jiya, har ya fi da. Da yamma in mun haɗu sai in ɗiga masa ragowar ruwan gorana, ya ce, "Sha abinka, kai ma ƙishi kaka ji." In ce ya yi mini shiru ya buɗe ido.

Ashe likitar ta canza magani. An kawo wani ruwan magani mai ƙarfi da ake zuba kaɗan cikin ruwan teku mai yawa a yi wa kifi wanka da shi. An tara leburorin jirgi an yi musu bayani da Turanci da Larabci, Kawu na tsaye cikinsu yana gyaɗa kai don ladabi. Ba wanda ya ce a kira ɗan ƙanwarsa ya fassara masa. Maganin nan in ka gan shi ruwa ne sak, garau, ba launi, ba wani warin kirki. Kuma don rashin imani, a cikin rabin duron da aka saba ajiye ruwan daɗi na ɗauraye koma aka juye shi tsagwaronsa, aka bar shi a buɗe, wai sai bayan cin abinci a haɗa. Mai Usur ya hau kwalekwalen inji ya tafi gaɓa cin nasa a ɗaki mai sanyi.

Abin da ya biyo baya Kawu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce idon na yi masa kamar an zuba barkono, sai ya ga duro cike, ba kowa kusa. Ya duba, garau. Ya sunsuna, ba komai. Ya shimfiɗa rawani ya tace kamar kullum, ko tsutsa ɗaya ba ta tsaya ba, har ya ce a ransa yau sabo aka manta. Da ya zuba a hannu ya ji zafi, amma hannun da gishiri ya tsattsaga kullum cikin zafi yake. Ya yi bisimilla ya watsa a fuska, ido buɗe.

Ni ihun na ji. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba, ko ranar da aka kore masa shanu an ce bai yi ba. Na yar da burushi na bi ta kan gadar robar da ta haɗa kejinan, ina gudu tana lilo, ni da ban iya iyo ba. Na same shi yana birgima a kan ƙarfe, hannuwansa sun yi fari kamar an shafa alli, kumfa na fita daga idanunsa. Yana cewa, "Ruwa! Lawali, ruwa!" Na ruga famfon tanki, ga kwaɗo. Tanki cike da ruwan daɗi, ina jin sanyinsa a tafin hannuna, makulli na wuyan wani ƙato yana cin shinkafa a gaɓa. Wani lebura ya ɗebo ruwan teku a bokiti ya fara watsa masa, Kawu ya ji ɗanɗanon gishiri a leɓensa ya ture bokitin da ƙafa. Muka tattara gorunanmu, duk an shanye, abin da ya rage bai cika kofi ba. Na sami wani ƙarfe na yi ta dukan kwaɗon ina kuka ina zagi har hannuna ya fashe. Kafin ya karye, abin da zai faru ya faru.

Mai Usur ya iso yana sakace. Abin da ya fara dubawa kwaɗonsa ne, sannan duron magani, ko an rage. Ba a kai Kawu asibiti ranar ba, wai takardunsa na ofishin birni, sai da aka kwana aka wuni. Likitan ido ya haska, ya daɗe yana dubawa, ya kira ni gefe. Ya ce na hagu ya dahu, babu shi. Na dama zai riƙa bambanta haske da duhu, iyakarsa ke nan. Ya ƙara da cewa da an yi ta kwarara masa ko da ruwan teku ne nan take, da wataƙila an tsira da wani abu. Mai Usur da ya rako mu ya cafe maganar, ya riƙa maimaitawa ga duk wanda ya tambaya: ga teku guda a gabansa ya ƙi, kuma dama sata ya je yi. Sata! To wa ya taɓa gaya mana? Mutumin da gishirin nan ya yi watanni yana cin idonsa, ka ce ya ƙara gishiri a kan wuta? Wanda ya bar guba a buɗe a duron ruwa, ya kulle famfo ya tafi da makulli, shi ba a ce ya yi komai ba.

Kamfanin ya ce makaho ba shi da amfani, ni kuma mai taurin kai ne, a mayar da mu. Kafin takardu su fito an ci gaba da fitar da ni aiki. Da idona na ga kifin sun warke. Mikin ya rufe, suna tsalle suna wawason abinci, idanunsu tar kamar an wanke da sabulu. Na tsaya a bakin keji buhu a kafaɗa, na ji kamar in yanke ragar kowa ya huta. Kawu na kwance cikin kwantena da bandeji, ƙuda na bin fuskarsa.

Ana gobe za mu tafi Idris ya zo da hantsi, ɗauke da jarka cike da ruwan daɗi, a gaban kowa, bai ɓoye ba. Ya ajiye gaban Kawu ya tsuguna, Hausarsa ta ƙare, sai hawaye. Kawu ya lalubo kansa ya dafa. Ya ce, "Hwaɗa mai na gode. Shi kai ma waɗancan yaran, su da sauran ido."

Ba zan ba da labarin jirgin dawowa ba, ba abin da na gani sai hannun Kawu a kafaɗata. A tashar Kaura muka shiga motar da ke bi ta Zurmi, na zaunar da shi jikin taga, ya ja rawani ya rufe har goshi da ido. Fasinjoji suka ga jakar ƙasar waje, aka fara tambaya. Wani mai hula a karkace ya ce, "Alhazai, wane aiki kunka yi can?" Na ce wankan kifi. Motar ta kwashe da dariya, har direba na dukan sitiyari. "Da soso da sabulu?" in ji wani. "Kuna shafa musu mai in kun gama?" Wata tsohuwa a baya ta ce ita dai ta ga zamani. Na juya zan ba mai hular amsar da ta dace da shi, sai Kawu ya sa hannu ya ɗage rawanin, ya juyo da fuskarsa wajen da dariyar ta fi ƙarfi. Dariyar ta ɗauke, tsohuwar ta fara salati.

Mun wuce Zurmi mun kama hanyar gida sai direba ya taka birki. Garke ne ke tsallaka titi. Kafin in ce wani abu Kawu ya riga ya miƙe zaune, ya kafa fuskarsa a taga, hancinsa na motsi. Ƙarar kofato, da hucin shanu, da muryar makiyayi yana kora na baya.

Ya ce, "Lawali, hwaɗa mani su."

Na ce, "Shanu na, Kawu."

"Na jiya shanu na. Waɗanne iri?"

"Farare."

"Fari wane iri? Kunnuwan baƙaƙe na? Ƙahon tsaye ko kwance? Wadda ag gaba tana ja musu, tsohuwa ta ko karsana?"

Na leƙa, na zuba ido iyakar ƙarfina. Ni ɗan manomi ne da ya tashi tsakanin gero da makaranta, abin da nake gani fararen shanu ne kawai suna wucewa, duk kamarsu ɗaya. Ina ta neman abin da zan ce har na ƙarshe ta haye, direba ya danna oda ya ja mota.

Na ce, "Farare dai, Kawu."

Ya bar fuskarsa a tagar har ƙarar kofaton ta ɓace. Sannan ya ce, "To." Ya ja rawanin ya rufe. Har muka shiga Gurbin Bore bai sake tambayata komai ba.